Allurar Hoto Ta Kusa Raba Mu Da Inna, Yanzu Dangi Sun Ɗora Mini Laifi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan cikin Katsina, 'ya'yana uku. Mahaifiyarmu tana zaune a Daura, shekarunta 62. Tun bayan Babbar Sallah take fama da ciwon ciki ta gefen dama, an sha jiƙe-jiƙe, an sha na kemis, babu sauƙi. Ni na matsa aka kawo ta nan, maigidana ya biya kuɗin hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake shiga inji a ɗauka, wanda likita ya rubuta. Da suka ɗura mata ruwan nan da ake sawa ta jijiya kafin hoto, ko minti biyar ba a yi ba ta fara susa, jikinta ya yi rudu-rudu, leɓɓanta suka kumbura, numfashi ya sarƙe, ta sulale. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ganin ma'aikata suna gudu. Suka yi mata allura a cinya sau biyu, suka sa mata oksijin da ƙarin ruwa. Kwana biyu ta yi a asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunta.

Wata biyu ke nan. Babban yayanmu ya daina ɗaga wayata. Ya ce shekara biyu da suka wuce an taɓa yi mata irin hoton nan da irin ruwan nan lafiya lau, saboda haka wannan karon ko dai lalatacciyar allura aka yi mata ko kuskure aka yi, kuma ni na kai ta. Gwaggonmu ta ce kifin da na dafa mata da dare ne, wai kifi ba ya shiri da aidin, sinadarin da ke cikin ruwan da aka ɗura mata. Wasu na cewa iska ce. Hoton bai kammalu ba, kuma likita ya ce akwai ƙari kusa da ƙodarta, sai an sake dubawa da kyau kafin a yi maganar aiki. Inna ta rantse ba za ta sake shiga injin nan ba. Tana da hawan jini, da hunturu kuma takan yi ɗan fuka. Ba na iya barci, Anti. In na matsa wani abu ya same ta, na shiga uku. In na yi shiru ƙarin ya girma, na shiga uku. Laifina ne? Yaya zan yi?

Ƙanwarki a Katsina

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya ƙara wa Inna lafiya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk biyun a wuri ɗaya na tsaya, inda kika ce kina tsaye a bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa irin wannan tsayuwar, ana gudu a kan mahaifiyarsa shi kuma hannunsa ba ya iya komai, ya san ba ta sakin mutum da wuri. Ga wannan, ga kuma yatsa da ake nuna miki. Dole barci ya ƙaurace.

Amsar tambayarki ta farko gajeriya ce: ba laifinki ba ne. Kin ga mahaifiyarki na ciwo, kin kai ta inda za a duba ta, an kuma gano ƙarin da jiƙo ba zai taɓa nunawa ba. Amma na san in na tsaya a nan, gobe Yaya zai sake jefo miki hujjarsa ki rasa ta cewa. Don haka ki ba ni aron hankalinki in yi miki bayanin abin da ya faru a cikin jikin Inna a mintunan nan biyar, domin da shi za ki amsa wa kowa a gidanku, har da zuciyarki.

Ruwan da aka ɗura mata wani irin rini ne, likitoci na ce masa kontiras. Yana ɗauke da aidin, kuma aikinsa shi ne ya haska jijiyoyin jini da kayan ciki yadda hoto zai bambance ƙari da lafiyayyen nama. Yawancin mutane abin da kawai suke ji shi ne ɗumi ya ratsa jikinsu, bakinsu ya yi ɗanɗanon ƙarfe, wani ya ji kamar ya saki fitsari alhali bai saki ba, wani zuciyarsa ta ɗan tashi. Wannan duk ba komai ba ne, yana wucewa, ƙoda kuma ta tace rinin ta fitar da mafi yawansa cikin kwana guda. Na Inna daban ne. Ƙaiƙayi da kumburi da sarƙewar numfashi da faɗuwa, duk a lokaci guda jim kaɗan bayan allura, shi ne abin da ake kira anafilaksis, wato ƙololuwar alaji, boren da jiki kan yi wa abin da bai karɓe shi ba.

Kin san ganuwar Katsina da ƙofofinta, su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga, kuma kin san a da kowace ƙofa da masu tsaronta. Jikin ɗan Adam ma haka Allah Ya tsara shi. A duk inda baƙon abu kan shigo, wato fata da hanci da hanyoyin iska na huhu da hanji da gefen jijiyoyin jini, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaman gadi, sunansu ƙwayoyin mast. Kowace ɗaya cike take da 'yan ƙulle-ƙulle na sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne histamin. In sauro ya cije ki wurin ya yi ja ya tasa yana ƙaiƙayi, masu gadin wannan ɗan wurin ne suka kwance ƙullinsu. A ƙaramin wuri abin amfani ne. Matsalar rini ita ce ta jijiya ake ɗura shi, cikin ƙasa da minti guda ya zaga ko'ina. In masu gadin suka ɗauke shi ɓarawo, ba ƙofa ɗaya ce za ta yi kururuwa ba, gari ne gaba ɗaya zai tashi.

Ki bi abin da idonki ya gani ɗaya bayan ɗaya. Histamin da 'yan'uwansa suna sa jijiyoyin jini su buɗe, bangonsu kuma ya riƙa yoyo. Ruwan jini ya tsiyaye cikin fata, shi ne rudu-rudun nan. Ya tsiyaye cikin leɓe da harshe da maƙogwaro, shi ne kumburin. Hanyoyin iska na huhu kuwa matsewa suke yi, shi ya sa numfashinta ya sarƙe, kuma mai fuka dama nata hanyoyin a kusa suke. Faɗuwar kuma, ki ɗauka an buɗe duk famfunan unguwa a lokaci guda, ga bututu ya tsattsage. Ruwa zai hau bene? To ƙwaƙwalwa ita ce benen. Jini ya kasa hawa, sai mutum ya sulale. Allurar da kika ga an yi mata a cinya adirenalin ce, rabin miligiram ake yi wa babba, in bai farfaɗo ba a sake bayan minti biyar. Ita ce ke matse jijiyoyin da suka saki, ta buɗe huhu, ta ƙarfafa bugun zuciya, ta kuma tsawatar wa masu gadin su daina kwance ƙulli. Babu maganin da ke maye gurbinta a wannan hali. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu hujjar Yaya, wadda a ido ta fi ta kowa ƙarfi: an taɓa yi lafiya, me ya sa yanzu? Abin mamaki, wannan tambayar ce ta haifi sunan cutar. A 1902 wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suna neman yi wa karnuka rigakafin dafin wata halittar teku. Suka yi wa kare allurar farko, ya warware sumul. Bayan 'yan makonni suka sake yi masa ɗan kaɗan, suna zaton ya samu kariya, sai ga shi ya faɗi yana haki, bai yi awa guda ba ya mutu. Suka raɗa wa abin suna anafilaksis, ma'ana kishiyar kariya, kuma a kan wannan aka ba Richet kyautar Nobel a 1913. Sai wajen 1966 zuwa 1967 aka gano abin da ke haddasa shi, wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgE. Yadda yake aiki shi ne, a haɗuwar farko jiki ba ya faɗa, kallo kawai yake yi. In ya yi kuskuren ɗaukar baƙon a matsayin maƙiyi, sai ya ƙera IgE mai gane siffarsa, ya bi ƙofa-ƙofa yana manna wa ƙwayoyin mast, kamar a raba wa 'yan sintiri hoton wanda ake nema. Mutum na yawonsa lafiya wata da watanni, bai san an raba hoto ba. Ranar da baƙon ya dawo, kafin ya yi sallama an rufe shi da duka. Saboda haka hoton da aka yi wa Inna lafiya shekara biyu da suka wuce bai wanke rinin ya ɗora wa wani laifi ba. Mai yiwuwa ma a ranar ce jikinta ya haddace shi.

Akwai hanya ta biyu wadda ba ta bukatar wata tsohuwar haɗuwa. Wani lokaci rinin da kansa ke tsokanar ƙwayoyin mast kai tsaye, ko ya tayar da wasu sinadaran garkuwa da ke yawo a cikin jini su kuma su tayar da masu gadin. Shi ya sa wani kan faɗi tun a karonsa na farko. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ido ke gani iri ɗaya ne, maganin gaggawa ma ɗaya ne. Sai dai bambancin yana da amfani a gaba, domin in ta hanyar IgE ce, gwajin fata na iya nuna wane rini ne jikin ya tsana, wane ne kuma bai sani ba. Ta uku ma akwai, mai zuwa a makare, ƙuraje su feso bayan awanni ko kwanaki har zuwa mako guda, aikin wasu ƙwayoyin garkuwa ne daban, kuma galibi ta fi sauƙi. Ba ita ce ta Inna ba, na faɗa ne don kada wata rana ki ji an ambata ki rikice.

Za ki ce, to me ya hana a gwada ta kafin a ɗura? Babu gwajin da ake yi wa kowa da kowa da zai nuna wanda zai faɗi. Tsohuwar dabarar ɗiga ɗan kaɗan a jijiya a jira a gani ma an bar ta, saboda ba ta hango komai, kuma ɗan kaɗan ɗin kansa yana iya kayar da mutum. Abin kuma ba ya da yawa. Wani babban bincike da aka yi a Japan aka buga a 1990, a kan allurai sama da 337,000, ya nuna cewa da irin rinin zamani da ake amfani da shi yanzu, kusan mutum 4 cikin 10,000 ne ke samun mummunan tashin alaji. Da tsohon samfuri kuwa kusan 22 ne. Ranar da kika kai Inna, da ke da likitan kuna tsaye ne a kan abin da ke wucewa lafiya ga dubban mutane. Tsautsayi ne, ba ya kuma wuce ranarsa.

Gwaggo kuma, ki gaishe ta, amma kifinki ba shi da laifi. Wannan magana ta kifi da aidin ta daɗe tana yawo, har a bakin wasu ma'aikatan lafiya, kuma an tabbatar ba ta da tushe. Jiki ba ya alaji da aidin, don ba ya rayuwa sai da shi. Yana cikin gishirin da Gwaggo ke zubawa a miya kullum, kuma rashinsa ne ke kawo maƙoƙo. Masu alajin kifi wani furotin na naman kifin ne ke tayar musu, ba aidin ba. Abin da garkuwar Inna ta yi wa bore shi ne ƙirar sinadarin rinin gaba ɗayansa. Ta ci gaba da cin kifinta.

Masu cewa iska ce kuwa, ban ga abin faɗa da su ba. Wanda ya ga mutum lafiya ƙalau, minti biyar kuma ya kumbura ya faɗi, dole ya nemi suna mai girma ya ba abin. Ni dai abin da kan burge ni shi ne kakanninmu sun riga kowa: rudu-rudun nan mai ƙaiƙayi borin jini suka ce masa. Sun ga kamar bori, amma sun san a jini yake. A yi wa Inna addu'a, a yi sadaka, duk alheri ne. Kada dai a ce an gama da wannan an fasa komawa asibiti.

Sai asibitin. Zan yi musu adalci kamar yadda na yi miki. Daga abin da kika kwatanta, sun gane abin da wuri, adirenalin na kusa, sun yi ta a inda ya dace, sun sake da bukata ta taso, sun kuma kwantar da ita don sa ido, domin abin kan iya dawowa bayan awanni ko da an ga ya lafa. Aikin waɗanda suka san abin da suke yi ke nan. Lalataccen ruwa kuma ba ya zaɓar mutum ɗaya ya bar sauran da aka yi wa daga kwali guda. Duk da haka Yaya yana da haƙƙin tambaya, ku ma haka, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. An tambayi Inna ko tana da fuka ko wani alaji kafin a fara? Ban da rinin, an yi mata wata allura a wannan lokacin, ta ciwo ko ta kashe ƙwayoyin cuta? Domin wani sa'in ana kama rini alhali mai laifin wani magani ne, ko ruwan goge fata, ko safar hannu ta roba. An ɗebi jininta a awa ɗaya ko biyun farko don auna tiriptes, sinadarin da ke tabbatar da cewa ƙwayoyin mast ne suka fashe? In ba a ɗiba ba, ba a yi asara mai yawa ba, alamominta sun isa shaida.

Tambayar da ta fi duk waɗannan, wadda nake so ki fita nema tun gobe da safe, ita ce: mene ne sunan rinin? Kontiras ba abu ɗaya ba ne. Akwai iohexol, wanda aka fi sani da Omnipaque, akwai iopromide, wato Ultravist, akwai iodixanol, akwai iopamidol, da wasunsu. Ki je sashen hoton da katin Inna da kwanan watan, ki roƙi a duba rajista a rubuta miki sunan a takarda, da abin da ya faru, da minti nawa ya ɗauka, da abin da aka yi mata, likita ya sa hannu. In za a iya gano na shekara biyu da suka wuce ma, a haɗa. Kada ki yarda da "ai alajin kontiras ne" kawai. Ki je da fara'a da haƙuri, ki ce don lafiyarta ta gaba kike nema, don in suka ji ƙamshin ƙara sai kowa ya kama bakinsa. Kuma kada ki ja lokaci, saboda gwajin fatar da na ambata ya fi nuna gaskiya daga kamar wata guda zuwa wata shida bayan faruwar abin. Kun ci biyu. Masu wannan gwajin ba su da yawa, don haka ki nemi likitanta ya binciko inda ake yi ya rubuta muku takardar turawa, ko da sai an yi tafiya.

Da wannan takardar a hannu za ki ga ashe ba hanya biyu ce kawai a gabanki ba, ta matsawa da ta yin shiru. Ki tambayi likita kai tsaye: abin da kuke son gani, dole sai da wannan rinin? Akwai abin da sikanin na yau da kullum ke nunawa, akwai abin da CT ba rini ke nunawa, akwai kuma hoton MRI, na wani inji daban mai aiki da maganaɗisu. Shi MRI in ma ya bukaci rini, nasa gadoliniyam ne, ba danginsu ɗaya da mai aidin ba, kuma hoton da aka raba wa masu gadin Inna ba nasa ba ne, kodayake za a yi taka-tsantsan da ita, a kuma duba ƙarfin ƙodarta tukuna. Ya fi tsada, gaskiya, shi ya sa maganar ta zama ta dangi duka, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ga wanda ya yi mummunan tashi irin na Inna, neman wata hanyar hoton shi ne zaɓin farko.

In kuma likitoci suka ce babu makawa sai CT da rini, to ba irin na ranar nan za a maimaita ba. Za a canja rinin zuwa wani daban, wanda shi ne matakin da ya fi rage haɗari, kuma ga dalilin da ya sa na nace a kan suna. Galibi ana haɗawa da magungunan share fage, ƙwayar siteroyid mai rage kumburi awa 13 da awa 7 da awa 1 kafin hoto, da maganin ƙaiƙayi awa guda kafin a fara. Ba zan ɓoye miki ba, waɗannan suna ragewa ne, ba sa ba da tabbas, akwai wanda kan tashi duk da ya sha. Don haka wurin da za a yi ya fi ƙwayar muhimmanci: babban asibiti mai likitan gaggawa a kusa, da safe, ranar aiki, adirenalin a zuƙe a sirinji, kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, a hannunta har bayan an gama, kuma kada a kama hanyar Daura a ranar, ta kwana a wurinki. Fukarta ta kasance a kwance kafin ranar. Ki kuma tattara duk magungunan hawan jininta a leda ki kai wa likita ya gani da idonsa, domin akwai wasu, irin su atenolol da propranolol, da ke rage wa adirenalin ƙarfi in an zo ceto. Shi zai ce a canja ko a bari. Kada ke ko wani ya dakatar mata da su da kansa.

Ki kuma tambaye shi wa'adi: ƙarin nan zai iya jiran makonni nawa? Amsarsa ce za ta gaya miki ko lallashi za a yi a tsanake ko da sauri.

To, Yaya. Yanke waya da ya yi bai kyauta ba, ba zan ce ya kyauta ba. Amma ina zargin abin da ke cinsa ya wuce rini. Shi ne babba, yana Daura ko wani wuri aka kira shi aka ce mahaifiyarsa na tsakanin rai da mutuwa, a kan shawarar da ba shi ya yanke ba, da kuɗin da suruki ya biya. Tsoro da jin an tsallake shi ne suka haɗu suka fito a siffar fushi, ke kuma kika fi kusa. Kada ki tura masa dogon saƙo a WhatsApp, kada kuma ki tura masa wannan amsar tawa da nufin "ka gani ko?" Ki shirya ki je Daura da kanki, ki sami kawunku ko wani dattijo da yake jin nauyi, ku same shi a gida. Ki gaishe shi yadda ƙanwa ke gaida wa, ki ce kin ji zafin da ya ji, kuma da kin san haka za ta faru da ba ki motsa ba sai da shi. Wannan ba amsa laifi ba ne, gaskiya ce. Sannan ki ɗora masa kaya: "Yaya, tambayoyin nan naka, zo mu je ka yi wa likita su da bakinka, kai ne babba." Babban wa uba ne, a bar shi ya zauna a kujerar. Mutumin da ya ji bayani daga bakin likita, ya kuma sa baki a shawara, da wuya gobe ya ce ke kika kai ta. Maigidanki kuma ki gode masa, ki roƙe shi ya ɗan ja baya a wannan zagayen, ya bar 'ya'yan Inna a gaba.

Ita kuwa Inna, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ki sani, jin cewa mutuwa ta zo yana cikin alamomin anafilaksis da likitoci suka sani, ba raki ba ne. Ta leƙa wani wuri da ku ba ku leƙa ba. Kafin ki ce mata komai a kan komawa, ki zauna kusa da ita wata rana da daddare ki ce ta ba ki labarin abin da ta ji, ki yi shiru ki saurara. Ina kyautata zaton tun da abin ya faru kowa gardamar dalili yake yi a kanta, ba wanda ya tambaye ta. Daga baya ki nuna mata cewa injin bai taɓa ta ba, ruwan ne, kuma an san sunansa, ba za a sake kusanto ta da shi ba. Kada a yaudare ta, kada a ce za a je gaisuwa a ɓulle da ita ɗakin hoto. Jikinta ne, kuma da hankalinta. In ta ji daga bakin likita abin da ƙarin zai iya zama in an bar shi, ta ji hanyoyin da ake da su, ga babban ɗanta a gefe, shawarar tata ce. Rantsuwar da ta yi ma kada ta zame mata sarƙa, malamai sun san yadda ake kaffara in barin rantsuwa ya fi alheri.

Takardar nan kuma a yi mata kwafi, a lulluɓe ɗaya da roba ta zauna a jakar Inna tare da katin asibitinta, kowane ɗa nata ya ɗauki hotonta a waya. Duk inda za a taɓa ta, asibitin ido ne, ɗakin tiyata ne, ko a ƙasa mai tsarki in Allah Ya kira ta, a fara miƙa takardar. Ku kuma 'ya'yanta kada ku ɗora wa kanku, wannan ba gado ba ne da za a ce kowa a gidan ya guji hoto. In kuma, Allah Ya kiyaye, wata rana kuka ga irin alamomin nan a gida bayan wani magani ko abinci ko harbin zuma, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, in numfashi ya fi damunta a jingina ta zaune, kada a tsayar da ita ko a sa ta taka zuwa mota. Kada a ɗura mata manja ko madara ko rubutu, maƙogwaron da ke kumbura ba ya haɗiya. Piriton ƙaiƙayi kawai yake kwantarwa. A ɗauke ta sai asibiti mafi kusa, kuma tun daga bakin ƙofa a ce anafilaksis ne, adirenalin take bukata.

Ke kuma, ƙanwata, rashin barcin nan in ya wuce wasu makonni, ko kina rufe ido kina ganin ƙofar nan, ki faɗa wa likita, ke ma kina da haƙƙin a duba ki. Gobe dai ki fara da sashen hoto. In kin samo sunan rinin da abin da likita ya ce game da wa'adi, ki sake rubuto mini, ki kuma gaya mini yadda kuka yi da Yaya. Ki gaishe mini da Inna da jiki.